Hoton dangi a tsakiyar damina, ya za mu yi?

Assalamu alaikum. Don Allah masu sana'ar hoto ku taimaka mini. Yayana zai zo Kano da iyalinsa a watan Agusta, ana tsaka da marka, kuma Hajiya ta dage sai an ɗauke mu, mu 17, a gindin darbejiyar da marigayi Baba ya shuka a ƙofar gida. Ɗaki kam ta ce a'a.

Bara mun gwada da waya ana yayyafi. Inuwar lema ta rufe mata fuska, shaddar yara duk ta jiƙe, da na kunna filasha kuma ɗigon ruwa ya fito fari-fari kamar an watsa gishiri.

Mu jira ruwa ya ɗauke ne ko da akwai sauran hadari? Kyamarar haya kuma, leda ta isa ta kare ta?