Neman kalma: me za mu kira input mask da Hausa?

'Yan uwa masu harkar manhaja, ku matso. Ina haɗa wa wata ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu fom na rajista a waya, kuma ina so bayanin da zan bar wa masu shigar da sunaye ya zama da Hausa zalla. Nan na maƙale a kan kalmar input mask, wato tsarin da ake ɗaure gurbin fom da shi don ya karɓi irin rubutun da ake so kawai.

Ga abin da nake nufi. A rajistar bara an bar gurbin lambar waya sake, kowa ya zuba abin da ya ga dama. Wani ya sa +234 kuma ya bar sifilin farko, wani lambarsa goma maimakon 11, wani yaro kuwa harafin O ya riƙa dannawa a madadin sifili. Kwana biyu na yi ina tsince su kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Bana na ɗaure gurbin: 0___ ___ ____ yake nunawa, ka danna harafi ya ƙi shiga, lamba ta cika 11 ya tsaya cak. Haka na ɗaure gurbin lambar asusun banki a 10, na NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) a 11. A Microsoft Access, manhajar ajiye bayanai, ma haka ake yi, can wajen tsara gurbi 0 na nufin lamba dole, 9 lamba in an ga dama, L harafi dole.

Abokin aikina ya ce takunkumi, tunda haka muka kira mask na fuska a 2020. Yana da hujja, takunkumin dabba ma baki yake tsarewa. Amma hanawa kawai yake yi, wannan kuwa yana nuna maka siffar abin tun kafin ka taɓa.

Wata Malama ta ce rariya. Na ce Malama, a gafarce ni, rariya sai an zuba take tacewa, wannan aikin tantancewa ne bayan an gama cikawa. Ai 31/02 zai zauna daram a gurbin kwanan wata ko an ɗaure shi, alhali Fabrairu ba ta taɓa kai nan ba.

Ni dai na karkata ga mazubi. Ku duba mai buga bulo: ya zuba yashi da siminti, ya danna, ya share abin da ya yi saura a sama, bulo ya fito da siffa ɗaya. Mazubin gurbi ke nan, a ce "saka wa gurbin lambar waya mazubi".

Kawu da ke sauraronmu ya ce shi mazubi a wurinsa buhu ne. To, malaman Hausa, ranar Asabar zan buga takardar. In da wadda ta fi, a kawo kafin nan.