Yaya ake bambanta larurar histiriyonik da son a sani kawai?

Ina neman taimakon masana lafiyar ƙwaƙwalwa kan abin da ya shige mini duhu game da larurar ɗabi'a ta histiriyonik, wato ta yawan neman jan hankalin mutane da nuna motsin rai fiye da kima. Littafin DSM-5 na 2013, wanda likitocin ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen tantance larurori, ya lissafa alamomi 8, kuma sai mutum ya cika 5 kafin a tabbatar masa da ita, ciki har da rashin sukuni idan hankalin jama'a ba ya kansa. Ƙanwata takan ɓarke da kuka a tsakiyar biki idan an daina kula ta, can kuma sai ta hau dariya, 'yan gida suna cewa shagwaɓa ce. Da wane ma'auni likita yake raba shagwaɓa da larura, musamman tunda ICD-11, wato kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ta daina ware ta da sunanta?