Bashin mai kanti ko sabon talabijin

A wata majalisa da ake zama bayan sallar Isha'i a unguwar Mabera da ke Sakkwato, wani magidanci ya nemi shawara. Ya kwashi adashe, mai kantin unguwa yana binsa bashin shinkafa da man gyaɗa, ga yara kullum suna gidan maƙwabta kallon ƙwallo.

Yawancin dattawa sun ce ya fara sauke nauyin da ke kansa, suna kafa hujja da hadisin Bukhari da Muslim cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Wani ya ƙara da cewa mai kanti zai hangi kwalin talabijin a cikin Keke Napep tun kafin a shigar da shi gida, kuma daga ranar an rufe masa littafin bashi ke nan. Wannan maganar, a ganina, ita ta fi ratsa shi.

Matasa sun ce farashi hawa yake yi, gara ya saya yanzu, sai aka tuna musu kuɗin dikoda da na fetur idan an ɗauke wuta. Wasu kuma sun ce ya biya bashin, ya nemi na hannu idan adashe ya sake zagayowa.