Har yanzu muna da bukatar sarakuna kuwa?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum. Gardama muka yi da yayana daren jiya har sha biyu, na ce bari in ji ta bakinku.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙan shi, ɗan NEPU ne tun yana saurayi, daga baya ya bi PRP. Muna yara yake ba mu labarin yadda ake shanya magidanci a rana in ya kasa biyan haraji, a kuma kama akuyar matarshi. Ya ce da Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin Katsina na cikin jihar Kaduna, ji ya yi kamar an sauke mashi dutse daga ka. Da wannan na tashi, don haka rawani bai taɓa burge ni ba.

To bara sai rigimar iyaka ta haɗa mu da maƙwabcin gonarmu a ƙauye. Kunya uku ce kacal. Wata goma sha huɗu muna zarya kotu, kullum sai a ɗage, kuɗin mota da na lauya suna ta tafiya. Daga ƙarshe maigari ya kira mu, ya sa aka ɗauko wani tsoho da aka raba gonar a gabanshi zamanin kakanmu. Tsohon nan ya dogara sanda ya taka har gindin wata tsamiya, ya nuna layin da aka dasa gamba, aka tona aka tarar da saiwar. Kafin la'asar an shafa fatiha, kuma kunya biyu daga ciki ta maƙwabcin ce, ba tamu ba. Na yarda, don na gani da idona.

Yayana ya ce wannan kaɗai ya isa hujja. Ni na ce maigari daban, fada daban. Kotuna da 'yan doka da gidajen yari an karɓe su daga hannun En'e tun zamanin Gowon, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran, tsarin mulkin 1999 kuma bai ba sarakuna wani aiki ba. Amma har gobe ana cire ma masarautu kaso daga kuɗin ƙananan hukumomi, alhali ɗakin shan magani na ƙauyenmu rufinshi yoyo yake. Shin kuɗin nan yana biyan kanshi?

Tsohon malamin makaranta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, abin da mahaifinka ya faɗa maka gaskiya ne, wasu na gan su ina yaro, ba zan wanke kowa ba. Amma ka tambayi kanka, me ya sa maƙwabcinku ya amsa kiran maigari, kai ma ka amsa? Ba shi da ɗan sanda, ba shi da gidan yari. Kun je ne don kun san bayan shi akwai hakimi, bayan hakimi akwai sarki. Ba a sare gindin itace a ce reshe ya ci gaba da ba da inuwa.

Ka kuma lissafa. Daga 1906 zuwa yau sarakuna huɗu aka yi a Katsina: Dikko, Usman Nagogo, Kabir Usman, sai Abdulmumini tun 2008. Daga 1987 da aka ba mu jiha, gwamnoni nawa suka zo suka wuce, na soja da na farar hula? Talaka na son ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba a tambaye shi jam'iyyarshi ba.

Maman Khadija:

Ni dai abin da na sani zan faɗa. Na yi shekaru ina aikin rigakafin shan inna gida-gida. Akwai gidan da muka je sau uku, maigidan ya tsaya a bakin zaure ya rantse ba mai ɗiga ma ɗanshi komai. A na huɗu mai unguwa ya zo da jikanshi a kafaɗa, ya ce in fara da shi. Na ɗiga ma yaron a gaban kowa. Maigidan bai ce uffan ba, ya shiga ya fito da yara biyar. Da aka ce a 2020 Afirka ta rabu da cutar, irin wannan mai unguwar na tuna.

Abin da ke mani ciwo, shi wannan bawan Allah da gonarshi yake ci da iyalinshi. Baƙo ya sauka, shi ne. An tsinci yaro, shi ne. Ɓarayin daji sun shigo, shi ake fara nema. In kuɗin da Ɗan Ƙofar Marusa ke magana yana sauka har wurinsu, ni ban ga alama ba.

Ɗan Daurama:

Baba malam, a gafarce ni, amma zancen ba ruwan sarauta da jam'iyya ban yarda ba. Gwamna ke ba da sanda, gwamna ke karɓe ta. Abacha ya tuɓe Sarkin Musulmi Dasuƙi a 1996. A Kano an cire Sanusi a 2020, wata gwamnati ta dawo da shi a 2024. Wanda takarda ɗaya za ta raba da gadonshi, ta yaya zai dubi idon gwamna ya ce talakawana na kwana a daji?

Kada a ɗauka ƙin sarauta nake. A Daura aka haife ni, ina hawan Sallar Gani tun ina bayan babana a kan doki, in baƙo ya zo ni ke kai shi rijiyar Kusugu. Ban son mu bi Nefal da ta rushe tata a 2008. Amma ko a Ingila, duk shekara ana buga lissafin kuɗin da gwamnati ta ba gidan sarauta, kowa ya karanta. Mu ma a buga mana. A kuma rage naɗa duk wanda ya yi kuɗi ko ya ci zaɓe, don rawani ya fara yawa har yana rasa kwarjini.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai. Baba, maganar reshe da gindi ta shige ni, ban da amsarta yanzu. Maman Khadija, kin taɓo inda ke mani ƙaiƙayi. Ranar da aka raba mu, maigarin nan ya bar noman gonarshi tun hantsi, ko ruwa mu bai bari mun saya ba. Juma'a in Allah ya kai mu zan je ƙauyen, zan tambaye shi da bakina nawa yake samu a wata, kuma daga hannun wa yake fitowa.