Sunan da zai dace da namiji da mace: wa ya taɓa raɗa irinsa?

Mai juna biyu, Kafanchan: Salama a gare ku 'yan'uwa. Cikina ya tsufa, an yi hoto amma jaririn ya naɗe ƙafa, ba a ga komai ba. Maigida yana wurin aiki nesa, so muke mu tsai da suna tun yanzu, wanda ko me Allah ya bayar zai zauna masa. Ba na son na Turanci, kakarsa ba za ta iya kira ba. Ku ba ni labarin naku.

Maman Bege, Zonkwa: Allah ya sauke ki lafiya, ƙanwata. Ni sai da na yi ɓari biyu kafin na samu wannan. Ina kwance a asibiti wata uwar zumunta ta karanta mini 1 Korintiyawa 13:13, inda aka jera bangaskiya da bege da ƙauna. Nan na ce ko mace ko namiji, Bege ne. Namiji ya zo. A ajinsu na makarantar Lahadi akwai wata Bege mace, malamar sai ta ce Bege babba da Bege ƙarama, shi ke nan. Ƙauna kam kada ki ɗauka, kunnen mutane ya riga ya ba mata shi.

Baban Alheri, Jos: Ki dai duba garin da yaron zai tashi. A ƙauyenmu akwai maza masu suna Alheri, babu mai ɗaga gira. Da muka dawo birni, ranar farko a sakandare aka sa ɗana a jerin ɗakin kwanan 'yan mata, sai da na je da kaina aka gyara. Ya yi fushi da ni har ƙarshen zangon. Yanzu shi ke bugun ƙirji da sunan, yana cewa Afisawa 2:8 tasa ce, tunda ta wurin alheri aka cece mu. Amma na koyi haɗa masa da na biyu wanda ba ya ruɗa kowa, Alheri Yohanna, a duk takarda.

Wata daga Malumfashi: Mu Kyauta muka sa, kuma sunan ya girmi zuwan bishara gidanmu, kakanninmu ma suna raɗa shi. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa jin baƙonsa a baki.

Tsohon dattijon ikilisiya: 'Yata, in na cikin Littafi Mai Tsarki kike so, akwai Abiya, wasu fassarori su rubuta Abaija. Ma'anarsa Ubangiji ne ubana. Ɗan Rehobowam da ya yi sarautar Yahuza sunansa ke nan, mahaifiyar sarki Hezekiya ma haka, duba 2 Tarihi 29:1. Jikata na sa wa. Sai dai ki sani, 1 Sarakuna 15 bai yabi sarkin ba, kuma wani mai yawan karatu zai tuna miki da hakan ranar suna, kamar yadda aka yi mini ana tsakiyar rabon shinkafa.

Maman tagwaye, Yola: Mu Katolika ne, Fada ya ce mu haɗa da sunan waliyyi don baftisma. Muka sa Nasara da Albarka a gaba, Bitrus da Monika a baya. A gida ba mai kiran na bayan.

Mai juna biyu, Kafanchan: Na gode, iyayena. Na karanta wa maigida a waya, shi Nasara ya kama, ni Bege. Surukata kuma ta aiko cewa in namiji ne ranar Lahadi, ita Ɗanladi za ta riƙa kira, mu rubuta abin da muka ga dama. Akwai wanda ya san namiji mai suna Salama? Ni mata kawai na sani.