Igiyar Ngor ta gagare ni, ina neman shawara

Salama alaikum 'yan'uwa. Shekara 3 ina wasan hawan igiyar ruwa a kan allo a Tarkwa Bay, Legas, inda ƙasan yashi ne, in ka faɗi ka sha ruwa ka tashi. Bara na je tsibirin Ngor a Dakar, ido ya raina fata. Ina hango duwatsu ƙarƙashin allona, da na yunƙura zan miƙe sai gwiwa ta yi sanyi in janye. Kwana biyar ina cire ƙayar bushiyar teku daga ƙafata da allura.

Yanzu ina tara kuɗin tafiyar da koci ke shiga ruwa da kai, a ɗauke ka bidiyo a gyara maka da yamma. In koma Ngor, ko in fara da Taghazout a Maroko? Mako ɗaya zai cire tsoron nan kuwa?