Limamin Katolika da ya riga Mouhot isa Angkor

Sabon Ɗalibi: Malamai, shin gaskiya ne wani limamin Katolika ya riga Henri Mouhot, Bafaranshe mai binciken halittu, ganin Angkor, tsohon birnin nan na ƙasar Kambodiya, kuma yaya ya rayu a cikin Khmer, wato mutanen ƙasar?

Mai Tarihi: Gaskiya ne. Fada Bouillevaux, Bafaranshe, ya ziyarci wurin a 1850, shekara 10 kafin Mouhot.

Baban Hauwa: Rayuwar ba ta da sauƙi, domin da damina tafkin Tonle Sap yakan cika ya malale, sai tafiya a kwalekwale, da rani kuwa a amalanken shanu, abinci kuma shinkafa da kifi. Khmer kuma sun riƙe addinin Buda gam.

Sabon Ɗalibi: Na gode, malamai.